Bencin Auta

Ranar da aka fitar da bencunan babbar makarantar garin aka jibge su a filin ƙwallo, ba wanda ya ga ya dace a aika wa Kafinta. A bakin maigadin makarantar ya ji. Mutumin ya biyo ta ƙofar shagonsa da hantsi, ya rage tsawo ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, ashe an sallami 'ya'yanka daga aiki."

"Waɗanne 'ya'yan?"

"Bencunanka mana. An kawo sababbin kujeru na ƙarfe da roba, mota uku cur. Naka suna can fili an tara. Jibi mai gidan burodi zai turo mota a kwashe masa, ya sami na hura wuta."

Kafinta ya dube shi kamar shi ya ba da umarnin. Maigadi ya ga babu fuska, ya ce bari ya ƙarasa kasuwa. Tsohon ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki sandarsa, ya ja ƙofar shago ko kwaɗo bai sa ba, ya kama hanya.

Duk garin Kafinta ake ce masa, kai ka ce shi kaɗai ya taɓa riƙe zarto, alhali masu sana'ar sun fi ashirin. Shi dai bai taɓa sa su a lissafi ba. 'Yan buga ƙusa yake kiransu, a gaban idonsu kuma, don bai iya gulma ba. Ya haura saba'in, ido ya fara gardama, gwiwa ta daɗe da yin tawaye, amma bakin nan yana nan da kaifinsa.

Makarantar kuwa a hannunsa ta girma. Shekara arba'in da shida ke nan. Kafin ita, yaron da ya gama firamare sai an kai shi wani gari mai nisan yini guda a mota, waɗanda ake kaiwar kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauran sai gona da kasuwa. Mutanen gari suka yi ta sintiri a ofishin ilimi har aka gaji da ganinsu, aka ba su malamai uku, aka ce su nemi wuri. Wani ɗan kasuwa ya ba da aron tsohon sitonsa, aka raba shi biyu da langa-langa, ɓeraye na gefe suna nasu karatun. Ɗalibai talatin da biyu aka fara da su. Kafinta yana matashi a lokacin, ko gemu bai tsaya masa ba, shi ya yi musu benci goma sha shida, irin mai haɗe da tebur, mutum biyu-biyu.

Bayan shekara uku gwamnati ta yanki fili a bayan gari ta gina aji huɗu. Daminar farko iska ta kwashe rufin biyu, aka yi zango guda ana karatu a gindin bishiya, shi kuma yana bin bencuna yana ja musu inuwa kada rana ta fasa masa su. A shekara ta takwas aka fara ɗaukar 'yan mata. Aka yi ta surutu a gari, surutun ya mutu, 'yan matan suka zauna. Daga nan abin ya yi ta yaɗo. Aka gina ɗakin gwaje-gwaje, aka gina ɗakin karatu, sai bene, sai katanga, har ta kai an raba yara masu zuwa da safe da masu zuwa da rana. Makarantar da a da sai ka ratsa gonaki kafin ka kai, yanzu gari ya zagaye ta ya wuce, har da sunanta ake kiran tashar motar da ke gabanta. Ɗalibai sun haura dubu biyu. Likitan asibitin garin a nan ya yi, haka alƙali, haka rabin direbobin tasha, kuma babu ɗaya cikinsu da bai goge wandonsa a kan bencin Kafinta ba.

Aikinsa ba ƙusa. Sai ya fafe rami a wannan katako, ya sassaƙa harshe a wancan, ya cusa ɗaya cikin ɗaya har su kama juna, ya soke su da ɗan tsinken katako. Kowane dogon hutu kuma yakan tare a makarantar da kayan aikinsa, ya bi bencuna ɗaya bayan ɗaya, ya kifa, ya shafa, ya gyara abin da yara suka karya. In ya tarar da gyaran wani, to ranar ba zaman lafiya. Ya taɓa bin wani malamin lissafi har ɗakin malamai da lanƙwasasshiyar ƙusa a hannu, yana tambayarsa ko shi ya taɓa shiga ajinsa ya koyar. Abin taƙamarsa ke nan, cewa ko ido rufe aka miƙo masa benci zai gane hannun da ba nasa ba.

Tun daga ƙofar makarantar ya hango tulin a fili, ƙafafu sama, an watsar da su ko ta yaya. Ya kau da kai, ya miƙe zuwa ofis.

Shugaban makarantar wata biyar ke nan da kawo shi, amma ɗan garin ne, a nan ya yi karatu. Kowa Firinsifal yake ce masa. Kafinta kuwa da Gajere ya san shi, sunan da 'yan ajinsu suka laƙaba masa, kuma bai ga dalilin canzawa ba don mutum ya ajiye tumbi ya sa tabarau.

"Gajere, ni za ka yi wa haka?"

Firinsifal ya miƙe da sauri, ya zagayo ya ja masa kujera. "Baba, zauna tukuna. Wallahi yau ɗin nan nake cewa zan zo gida."

"Ba zan zauna a kan roba ba. Gaya min abin da bencunan suka yi muku."

"Ba su yi komai ba, Baba. Wuri suke ci, aji guda kuma yanzu yara tamanin ne. Daga sama aka aiko da kujerun, aka ce a fitar da tsofaffin kafin masu duba makarantu su zo. Na nemi inda zan ajiye su na rasa. Sito ma aji muka mai da shi."

"Shi ne sai gidan burodi."

Firinsifal ya sunkuyar da kai. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya ce, "Baba, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Dama ita ce za ta kai ni gida. Ta Auta ce."

Kafinta bai san lokacin da ya zauna a kan robar ba.

Auta ɗansa ne, namiji ɗaya bayan mata huɗu, shekara ashirin da huɗu ke nan da rasuwarsa. Yana ajin ƙarshe, saura wata biyu jarrabawa, zazzaɓi ya kwantar da shi ran Litinin, kafin Asabar an binne shi. Tun yana rarrafe yaron nan katako yake so. Sauran yara na neman ƙwallo, shi yana tsintar guntaye a ƙarƙashin teburin aiki. Uban kuwa ya rantse ba zai gaje shi ba. Cewa yake shi ya shaƙi ƙurar katako ne don ɗansa ya zauna a kan benci, ba don ya kwanta ƙarƙashinsa yana gyara ba. Ranar da ya kama shi da cizal a hannu, yana ɗan shekara sha huɗu, ya murɗe masa kunne a gaban mutane, ya ce, "In na sake ganin hannunka a kan kayan aikina sai na karya shi." Tun daga ranar bai sake ganin yaron a shagon ba. Wannan maganar ita ke cin Kafinta har yau, fiye da mutuwar kanta, don mutuwar ba shi ya kawo ta ba, maganar kuwa daga bakinsa ta fito.

"Benci ɗaya muke zama ni da shi a shekarar ƙarshe," in ji Firinsifal. "Ni na karya sandar ƙafar, wadda ake ɗora ƙafa a kai ta ƙasa. Tsalle na yi a kanta. Na tsorata, ka dai san malamin horo na lokacin. Auta ya ce in ja bakina in yi shiru. Ya sato cizal ɗinka da ƙaramin zarto da guntun katako, muka dawo ran Asabar ba kowa. Yini guda ya yi a kanta. Ni gadi kawai na yi."

"A ina ya koya?"

"A wurinka. In ya zauna a dakalin maƙwabta da littafi a buɗe, ai ba littafin yake kallo ba. A gidanmu yake gwadawa, bayan ɗakin kakata. Duk abin da ya haɗa sai ya jefa a murhu, kada labari ya iso ka. Sandar nan kaɗai ce bai ƙona ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Da ya gama sai ya ce da ni, 'In Baba ya zo dogon hutu ya duba bencin nan bai cire ta ba, to sai in gaya masa ni na yi.' Bai kai hutun ba."

Fanka na juyawa a sama tana ƙara. Kafinta ya daɗe yana kallon bayan hannunsa.

"Me ya hana ka gaya min tuntuni?"

"Tsoronka nake ji, Baba. Daga baya na bar gari. Daga baya kuma sai kunya."

"Wane benci ne?"

"Ban sani ba. Ka san kowace shekara cakuɗa su ake yi."

"Kada kowa ya taɓa min su kafin jibi."

Da ya fito fili ya tsaya gaban tulin yana lissafi a ransa. Bai yi shakka ba ko kaɗan. Aikin yaro ɗan shekara sha bakwai, wanda ya koya daga kan dakali, ai ba zai ɓuya ba. Ya wuce shi ne kawai a wancan hutun don ba ya cikin hayyacinsa, daga baya kuma datti ya rufe. Yanzu da ya san abin da yake nema, sai dai in bencin ba ya nan.

Maigadi ya dawo daga kasuwa, Kafinta ya tsare shi, ya sa ya kira masu shara biyu. Su ke sauke bencunan suna kifawa, shi yana bi da sanda yana warewa. Benci kusan ɗari shida ne. Waɗanda ya yi bayan rasuwar Auta ya san su da gani, don a lokacin katako ya riga ya lalace, sai fari mara nauyi ake samu. Aka kai su gefe. Cikin tsofaffin kuma ya ware waɗanda sandarsu ta asali ce. Aikin bai yi sauri ba, don kowane benci sai ya tsaya ya yi masa magana. Ga wanda wani ja'iri ya sassaƙa jirgin sama a kai. Ga na sito guda uku da suka rage cikin goma sha shidan farko, sun yi baƙi sun yi santsi, ko motsi ba sa yi. Masu shara suka gaji da tarihi, ɗaya ya ce a hankali ko za a bar sauran zuwa gobe. Kafinta ya ce masa in ya gaji ya je ya zauna a kan roba. Kafin rana ta faɗi an jera benci hamsin da uku a bakin fili, duk waɗanda aka taɓa canza wa sandar ƙafa.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya. Inna kowa ke ce mata, har shi, tun da yara suka saba masa baki da sunan. Bai saba kawo mata labarin aiki ba, amma wannan ya zauna ya ba ta tun daga farko. Ta tsaya da zane a hannu har ya gama.

"Na sani yana yi," ta ce.

"Kin sani?"

"Nakan ga yatsunsa da yanka. In tambaye shi, ya ce reza ce wurin fiƙe fensir. Wane irin fensir ne ake fiƙewa a tafin hannu?"

"Kuma ba ki faɗa min ba."

"In faɗa maka ka karya masa hannu?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya sa ta fi shigarsa. Ta ninke zanen ta ɗora a kan sauran. Sai can ta ce, "Malam, ka kawo min shi. Ko sandar ce kaɗai. Ina da rigarsa, ina da takardunsa, amma duk abin da aka ba shi ne. Ba ni da abin da shi ya yi."

"Gobe in sha Allahu," ya ce.

Washegari tun kafin ɗaliban safe su gama shiga aji yana fili. Ya shimfiɗa buhu, ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta son durƙuso, ya fara. Idonsa bai dogara da shi ba. Da yatsa yake bi, ya shafa inda harshe ya shiga rami, ya danna tsinken, ya girgiza sandar, ya matsa gaba. Na farko nasa ne. Na biyu nasa ne. Na goma, na ashirin, duk nasa, a matse, ko gashi ba zai ratsa ba. A da abin alfahari ne wannan. Ranar kuwa kowace haɗa mai kyau haushi take ba shi.

Da rana ta take ya kai ƙarshen layi bai sami komai ba. Aka kaɗa ƙararrawa, 'yan safe suka fito, 'yan rana suka shiga, dubban ƙafafu suka wuce ta gefensa. Wasu suka tsaya suna kallon tsohon da ke rarrafe tsakanin bencuna. Babu wanda ya san shi cikinsu. Wata yarinya ta tambayi ƙawarta ko mai sayen tsofaffin kaya ne. Ya ji ta, bai ɗaga kai ba. Maigadi ya kawo masa ruwa, ya ce, "Baba, anya bai karye an yar tuntuni ba?"

"Bencina ba ya karyewa a yar. Kai dai kama min wancan."

Ya sake farowa daga farko, wannan karon da 'yar wuƙa yana kankare dattin da ya daskare ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa sai an nema. Tsoro ya fara shigarsa, tsoron komawa gida hannu biyu ya tarar da Inna a bakin ƙofa. Inuwa ta fara tsawo, yana kan na arba'in da ɗaya, sai wuƙar ta faɗa wani giɓi.

Ya kankare sosai. Ya sa yatsa. Harshen ya yi wa ramin ƙanƙanta, an cike giɓin da ɗan ɓallin katako. Tsinken ya shiga a karkace. Ga alamar inda cizal ya zame har sau biyu ya ci gefen ƙafar. Salon dai nasa ne sak, amma hannun da ya yi bai tsaya ba.

"Ga ka nan," ya ce a hankali. "Ga ka nan, ja'iri."

Dariya ta zo masa, hawaye suka riga ta fita. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya rungumi ƙafar bencin, ya yi kukan da bai yi ba ranar binnewa. Yana kukan yana faɗa, yana ce wa yaron ai ba haka ake riƙe cizal ba, da ya tambaya ai da an nuna masa. Sai ya tuna dalilin da ya sa bai tambaya ba, kukan ya ƙaru. Maigadi ya juya baya yana kallon katanga, daga bisani ya je ya kira Firinsifal.

Firinsifal ya tsuguna da kyar, ya duba ta nan, ya duba ta can. "Baba, shekara ashirin da huɗu ce, ba zan iya rantsewa ba. Amma a yadda nake tunawa ya fi wannan kyau. Har sai da na nemi inda aka haɗa na rasa."

"Idon yaro ne ya gani. Kai me ka sani a katako? Kai da ka karya."

"Haka ne, Baba. Amma ko za ka ƙara duba sauran?"

"Na duba su sau biyu. Sauran nawa ne. Ni zan kasa gane hannuna?"

Firinsifal ya miƙe. Ya sa aka kai bencin ɗakin maigadi aka kulle.

Ranar da motar gidan burodi ta zo, Kafinta ya zo shi ma, da mai amalanken da zai kai masa bencinsa gida. Ya ce ba zai bari a kwashe su ba shi ba ya nan. Leburorin suka ga bencunan ba za su shiga motar a tsaye ba, suka fito da manyan guduma. A nan ne suka san wanda ya yi su. Benci ɗaya sai an ba shi duka biyar shida kafin ya saki, har wani cikinsu ya tsaya yana share gumi yana tsine wa kafintan, bai san yana tsaye a bayansa ba. Kafinta ya ji daɗin tsinuwar nan fiye da yabo. Ya tsaya yana kallo har aka zo kan layin hamsin da biyun da ya ware. Direban, wanda shi ma tsohon ɗalibi ne, ya zo ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ko akwai wanda za a bar maka cikin waɗannan?"

"Na ɗauki nawa. Ku ci gaba."

Aka ci gaba. Kafin azahar fili ya koma fili, sai guntaye da tsinke a cikin ciyawa. Motar ta yi sawu uku. Daga benen ana jin kujerun ƙarfe suna ƙara a kan siminti duk lokacin da yaro ya motsa.

Inna ta share tsakar gida, ta yayyafa ruwa, kamar baƙo ake jira. Mai amalanke ya sauke bencin a gindin bango ya tafi. Ta daɗe tana tsaye ba ta matso ba. Sannan ta ɗebo ruwa a kwano da tsumma, ta ce a kifa mata shi. Ta durƙusa, ta bi sandar da hannu tun daga wannan ƙafa zuwa waccan. Shekara hamsin tana auren kafinta, ta san abin da take taɓawa.

"Allah sarki," ta ce. "Yaro dai yaro ne. Ka ga duk ta karkace." Ta ɗago ta dube shi da jajayen idanu, tana son ta rage masa nauyi. "Ka daina cin kanka, Malam. Gara da ka tsare shi a kan karatu. Bai ɗauko hannunka ba."

Ta jiƙa tsumma ta fara goge sandar, sama da ƙasa, a hankali kamar mai yi wa jinjiri wanka. Ruwan kwano ya yi baƙi. Da ta kai gefen da ke kallon ƙasa sai ta tsaya, ta ƙara gogawa, ta matso da fuskarta.

"Dubi, akwai fenti a nan. Shuɗi. Irin na teburin karatunsa."

Kafinta ya sunkuya. Shuɗi ne, siririn layi a gefen katakon inda ba a fere ba.

Teburin nan shi ya yi wa Auta da hannunsa shekarar da ya shiga makarantar. Shi kaɗai ne abin da ya taɓa shafa wa fenti, don yaron ya nace. Kuma teburin yana nan lafiya lau a ɗaki har ranar da aka fitar da mai shi. Sai bayan wata biyu Inna ta ce ba ta iya wucewa ta ƙofar ɗakin tana hango shi, a raba ta da shi. Ya ɗauke shi ya kai shago ya ɓaɓɓalle. Dogon hutu ya zo, katako ya yanke masa, ya kwashi na teburin ya tafi da shi makaranta. Yanzu komai ya dawo masa. Ya tuna ajin, ya tuna yadda ya ga shuɗin sai cizal ya zame, ya sake zamewa, ya cusa ɓalli a giɓin don kawai ya tashi daga wurin. Sau ɗaya a rayuwarsa ya yi aikin banza, ya binne shi a ransa har ya manta.

"Inna," ya ce, "ba nasa ba ne."

"Na wane ne?"

"Nawa ne. Bayan ya rasu na yi shi."

Ta dubi sandar, ta dube shi. Tsumman na ɗiga a kan zanenta ba ta kula ba.

"To ina nasa?"

A ransa ya ga layin nan a bakin fili, benci hamsin da biyu, kowanne ya bi shi da yatsa sau biyu bai sami abin kushewa ba. Ya ga direba tsaye yana tambayarsa.

"Yana cikin waɗanda aka farfasa. Na taɓa shi jiya, Inna. Na kasa raba shi da nawa."

Ta ajiye tsumman a cikin kwano, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

"Ya iya ke nan," ta ce.

"Ya iya," in ji Kafinta.